Tsadar Rayuwa: Mai Rumbu da Mai Albashi a Benci Ɗaya

Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, hirarmu a ƙofar majami'a ta canja. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya ninka, mudun masara da na shinkafa suka fi ƙarfin iyalai da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma kasuwa ta riga ta yi nisa.

Sai al'amarin ya juya. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150. A cikin 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwanninmu, mai albashi ya ɗan numfasa. Amma taki da maganin ciyawa ba su sauka tare da shi ba, sai manomi ya fara kuka cewa abin da ya girbe bai mayar masa da abin da ya kashe ba.

Mu lura da wannan, 'yan'uwa. Da farashi ya hau, malamin makaranta ya yi kuka, manomi ya yi shiru. Da ya sauka, manomi ya yi kuka, malamin ya yi shiru. Su biyun kuwa benci ɗaya suke zama ran Lahadi, tebur ɗaya suke cin Jibin Ubangiji. Kowannenmu yakan ji zafin nasa sosai, amma a lokacin da sauƙi ya zo masa, da ƙyar yake tambayar yadda ɗan'uwansa ya kwana.

Faɗa wa masu mulki gaskiya aikin ikilisiya ne, annabawa sun yi shi. Kai kuka ga Allah kuma Zabura ta koya mana. Gunaguni wani abu ne dabam. A Fitowa sura 16, Isra'ilawa sun yi wata guda kaɗai da barin Masar, suka fara marmarin tukwanen naman ƙasar bauta. Allah ya ba su manna, ya umarta kowa ya tara abin da zai ishe shi na yini. Waɗansu suka ɓoye saura don gobe, da gari ya waye ta yi tsutsa ta yi ɗoyi. Bakin da ya yi gunaguni da hannun da ya ɓoye, zuciya ɗaya ce take motsa su, wato zuciyar da ba ta amince Allah zai tanada gobe ba.

A Ayyukan Manzanni sura 6 ma an yi gunaguni, amma dubi inda ya ƙare. Ana mance gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafin ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Wannan ƙorafi saboda waɗansu aka yi shi, ya kuwa haifi hidima. Ga ma'aunin da za mu gwada kukanmu da shi: bayan mun gama maganar tsada, wa ya ƙoshi?

Kada mu ce sai mun wadata tukuna. A zamanin Kalaudiyas, da aka yi annabcin babbar yunwa, masu bi na Antakiya suka aika gudummawa zuwa Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ikilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba a 2 Korantiyawa sura 8 suna cikin matsanancin talauci ne sa'ad da suka roƙa a bar su su ba da nasu.

Yadda za a raba shi ma yana bukatar hikima. A watan Disamba na 2024 mutane da dama, har da yara, sun rasa rayukansu a turmutsutsun rabon abinci da kyauta a Ibadan, da Okija a jihar Anambra, da harabar wata majami'a a Abuja. Wannan ya nuna zurfin yunwar, ya kuma gargaɗe mu. Ba ma bukatar tara jama'a a fili ana ɗaukar hoto. Dattawa da Zumuntar Mata sun san gidan da ba a hura wuta ba, sun san gwauruwar da ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙa ba. A kai mata da yamma, mutuncinta a rufe.

Me za mu iya yi a wannan shekara? Hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka, kada a sayar da shi duka a ranar. A ware wani kaso a rumbun ikilisiya har watan Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Mai albashi ya taimaki manomi da buhun taki da farkon damina, manomi ya tuna da shi da kaka. Wanda yake da gonar da ba ya nomawa ya ara wa iyalin da rikici ya kora daga Gwoza, ko Mangu, ko ƙauyukan Binuwai da Kudancin Kaduna. Matasa su farfaɗo da gayya a gonakin tsofaffi. Littafin Firistoci sura 19 ya umarta a bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo, bai kuwa ce sai baƙon da yake addini ɗaya da mu ba. Maƙwabcinmu Musulmi kasuwa ɗaya muke ci da shi, yunwar ma ɗaya ce.

Farashin mai da na dala ba a hannunmu suke ba. Mudun da ke cikin ɗakinmu kuwa a hannunmu yake, kuma a kansa ne za mu ba da lissafi. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ubangiji Yesu, wanda ya zama matalauci dominmu, ya buɗe idanunmu mu ga abin da ya riga ya ba mu, ya kuma buɗe hannuwanmu. Amin.