Martani: Kuɗin talla ba ya sayen matsayi a Google

Ra'ayin da wani marubuci ya wallafa, cewa ɗan kasuwar intanet ya zuba kuɗinsa a tallar Google ya huta da gyaran shafi, shawara ce mai cinye jari.

Tallar bincike gwanjo ce. A tsarin Google Ads, wanda ya fara da sunan AdWords a 2000, mai talla yana taya kalma, ya biya duk lokacin da aka latsa tallarsa. Amma tayi kaɗai ba ya raba gardama, domin Google yana auna ingancin shafin da tallar ke kai mutum. Shafi maras kyau yana ƙara tsadar kowace latsawa. Gyaran da marubucin ya raina shi ne yake sauƙaƙa tallar da yake yabo.

Kamfanin eBay ya gwada amfanin tallar bincike a 2012. Ya dakatar da tallar sunansa a Yahoo da MSN, sai kusan duk masu ziyara suka ci gaba da shigowa ta sakamakon kyauta, wato wanda ba na talla ba. Binciken, wanda mujallar Econometrica ta buga a 2015, ya nuna talla ta fi tasiri a kan sababbin masu saye. Tsofaffin da ma suna tafe, kuɗin da aka kashe musu asara ne.

Talla tana da gurbinta: sabon shagon da ba a san shi ba, ko hajar da lokacinta ke wucewa, tunda gyaran shafi yakan ɗauki watanni kafin ya yi tasiri. Sai dai ba ta ɗaga matsayin shafi a sakamakon kyauta, kuma ranar da kuɗi ya ƙare take ɓacewa.