Masu Shirya Fim A Katsina Su Koyi Fafe Gora Tun Kafin Ranar Tafiya

A cikin shekarar 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar rubuta littattafan hira da harshen Hausa a ƙarƙashin Dokta Rupert East, malaman Katsina suna cikin waɗanda suka amsa kira. Malam Abubakar Imam, wanda a sa'an nan yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa kuwa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Watau ke nan, cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa, biyu sun fito daga hannun malaman birnin Dikko. Abin da ya kai su ga wannan matsayi shi ne sun fahimci abin da ake nema, suka zauna suka tsara shi a takarda, suka aika kan lokaci.

Wannan darasi yana da amfani ga samarin Katsina na yau masu sha'awar shirya fim, musamman waɗanda ke son yin aikin da ya saɓa wa abin da kasuwa ta saba saye. Kamar yadda kowa ya sani, tun daga 1990 da aka fitar da Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ɗin Hausa ta dogara ne bisa kuɗin ɗan kasuwa, shi kuwa ɗan kasuwa bukatarsa ita ce uwar kuɗinsa ta komo da wuri. Saboda haka labarin soyayya yake so, da waƙa, da fuskokin da jama'a suka riga suka sani. Ba laifi ba ne, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma fa saurayin da ke son ya ɗauki tarihin abin da ya rage na ganuwar Katsina, ko rayuwar dukawa da marina, ko halin da mutanen Batsari da Jibiya suka shiga bayan ɓarayin daji sun raba su da gidajensu, da wuya ya sami ɗan kasuwar da zai zuba masa ko sisi. Hanyar da ta rage masa ita ce neman tallafi, tallafi kuwa da takarda ake nemansa.

Da farko dai, ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, watau kyauta da rance da tallafi. Kyauta ita ce wadda wani babban mutum ke yi wa wanda ya ga dama, ba tambaya, ba lissafi. Rance kuwa biyansa ake yi. Shirin da Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da shi a 2019 domin masu sana'o'in fasaha rance ne mai kuɗin ruwa har kashi 9 cikin 100, haka nan asusun Naira biliyan 1 da Bankin Masana'antu ya buɗe wa masu fim a 2015. Fim ɗin gwaji, wanda ba a yi shi domin riba ba, ba zai iya ɗaukar irin wannan nauyi ba. Tallafi shi ne kuɗin da ake bayarwa domin wani aiki takamaimai, ba a biyansa, amma dole mai karɓa ya kawo aikin ya kuma kawo lissafi. Irinsa ne Gwamnatin Tarayya ta yi a 2013 da shirin Project ACT Nollywood na Naira biliyan 3, wanda aka kasa shi domin horo da shirya finafinai da kuma rarraba su.

A ƙasashen waje ma akwai asusai da aka kafa musamman domin masu fim na Afirka da makamantansu. Asusun Hubert Bals, na bikin finafinan birnin Rotterdam a ƙasar Holan, yana aiki tun ƙarshen shekarun 1980, yakan kuma ba da har Yuro 10,000 domin rubuta labari da share fagen aiki. Bikin finafinai na Balin a Jamus ya kafa nasa asusun silima na duniya a 2004, wanda ke bukatar mai nema ya haɗa gwiwa da wani kamfanin Jamus kafin kuɗi su fita. Bikin Hot Docs na Kanada kuma ya buɗe wani asusu a 2011 domin finafinan gaskiya na Afirka. Waɗannan wurare ba sa tambayar ɗan wane ne mai nema. Abin da ke gaban alƙalansu shi ne takardarsa, tare da takardun masu nema daga ƙasashe da dama.

To, me ake so takardar ta ƙunsa? Abu na farko shi ne taƙaitaccen labari, wanda zai nuna mafari da tsakiya da ƙarshe cikin shafi guda, ba tare da ɓoye yadda aka ƙare ba, domin alƙali ba ɗan kallo ba ne da za a ja wa rai. Na biyu shi ne bayanin mai ba da umarni, inda zai faɗi dalilin da ya sa shi ne ya cancanci ya ba da wannan labari, da yadda yake son hoto da sauti su kasance. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, sai su cika shafi da kirari, wai fim ɗin zai wayar da kan al'umma ya kuma ɗaga martabar al'ada. Mai karatu ya riga ya ga irin wannan magana sau ɗari. Abin da zai tsayar da shi shi ne a ce masa za a ɗauki hasumiyar Gobarau da asuba, kafin babura su cika titi, a bi wani tsohon magini guda tun daga kwaɓa ƙasa har yaɓe. Wanda ya rubuta haka ya nuna cewa ya riga ya ga fim ɗinsa a zuci.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne tona asiri, shi ne kasafin kuɗi. Lalle ne a jera kowane abu da farashinsa: hayar na'urar ɗaukar hoto da ta sauti, man janareta, kuɗin mota, abincin ma'aikata, ladan mai haɗa hoto, ladan mai fassara magana zuwa Ingilishi ko Faransanci a ƙasan hoto, da kuɗin kai fim gaban Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa. Wanda ya kumbura lissafi domin ya sami rarar sayen mota, ya sani masu dubawa sun san farashin kaya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wanda kuma ya rage lissafi ƙwarai domin a ji tausayinsa, ya nuna bai san nauyin aikin da ya ɗauko ba. Ya kamata a ware wani abu domin faɗuwar darajar Naira tsakanin ranar nema da ranar aiki, a kuma ware kuɗin ajiyar fim ɗin bayan an gama. Kada a manta cewa Shaihu Umar, wanda Alhaji Adamu Halilu ya shirya a 1976 da kuɗin Gwamnatin Tarayya, ya yi shekaru da dama ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a ma'ajiya, aka gyara shi a Jamus, sa'an nan aka sake nuna shi a Balin a 2018.

Bayan waɗannan akwai takardun shaida. Ana bukatar kamfani mai rajista da asusun banki da sunansa, da rubutaccen izini daga mai littafi ko magadan mawaƙi idan za a yi amfani da aikinsu, da ɗan guntun fim da mai nema ya taɓa yi, ko da na minti 5 ne. Idan kuwa labarin ya shafi mutanen da masifa ta faɗa wa, wajibi ne a nuna cewa sun yarda a ɗauke su, an kuma yi tanadin da fitowar fuskarsu ba za ta jawo musu wata fitina ba. Duk waɗannan ba a haɗa su cikin mako guda. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, asusai kuwa suna da ranar rufe karɓar takardu, ba sa ɗaga ta domin wutar lantarki ta ɗauke ko intanet ta yi rauni.

Akwai masu ganin cewa kuɗin waje tarko ne, suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan tsoro yana da tushe, domin wasu masu ba da kuɗi sun fi son labarin yunwa da tashin hankali daga Afirka. Maganin abin shi ne mai nema ya karanta sharuɗɗa da kyau, ya tabbata ikon yanke hukunci na ƙarshe a kan fim ɗin yana hannunsa, ya kuma bar duk asusun da manufarsa ta saɓa wa addininsa da mutuncin jama'arsa. Misalin maƙwabta ya isa abin lura. Malama Aisha Macky, 'yar Damagaram, ta fitar da fim ɗinta Zinder a 2021 da haɗin gwiwar kamfanonin Faransa da Jamus, ta ba da labarin samarin unguwar Kara-Kara da harshensu, duniya kuma ta kalla. Tun kafin ita, Umaru Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar lambar bikin finafinai na Wagadugu a 1972.

Katsina ba ta rasa labari ba, ba ta kuma rasa wurin ɗauka ba. Wasan Kulɓa Na Ɓarna na Alhaji Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, shi Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta mayar fim a farkon shekarun 1990. Mai Martaba, wanda Nijeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar, a Daura aka ɗauke shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne horo a kan rubutu da lissafi, da kuma ɗan jarin farko, domin masu tallafi na waje sun fi sakin jiki da aikin da mutanen gida suka riga suka sa wa hannu.

Saboda haka ya dace Gwamnatin Jihar Katsina, ta hannun Hukumar Tarihi da Al'adu, ta kafa ɗan ƙaramin asusu na shekara-shekara, wanda za a yi shelar sharuɗɗansa a rediyo da jaridu, a naɗa alƙalai masana, a kuma bayyana sunayen waɗanda suka samu da abin da aka ba kowa. Idan aka mayar da shi rabon 'yan siyasa, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su ma suna iya shirya bita a kan rubuta takardar neman tallafi da tsara kasafin kuɗi, su haɗa masu fim da malaman harsuna da akantoci.

Su kuwa samari, kada rashin samu a karo na farko ya karya musu gwiwa, domin masu nema sun fi masu samu yawa a ko'ina. Wanda aka mayar wa da takardarsa ya sake dubawa, ya gyara, ya aika wani wuri. Malaman 1933 da alƙalami da tawada suka yi nasu, ga shi har yau ana karanta su a makarantu. Allah Ya sa na baya su yi koyi.