Hadda Kaɗai Ba Ita Ce Sanin Kwamfuta Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawanmu in aka tambaye mu ma'anar kwamfuta, sai mu zubo amsa tiryan-tiryan. Amma a zaunar da mu gaban na'urar a ce mu rubuta wasiƙa mu adana ta, nan take ido zai raina fata.

Tun a 1956 wani masanin ilimi ɗan Amurka, Benjamin Bloom, shi da abokan aikinsa suka kasa manufofin koyo zuwa matakai shida. A 2001 aka yi musu gyara, suka zama: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, fayyacewa, auna inganci, da ƙirƙira. Ashe hadda matakin farko ce kawai.

Mu dubi yaron tela a kasuwar Daura. Sanin sunayen sassan keken ɗinki ba zai sa maigidansa ya miƙa masa yadin mutane ba. Sai ya iya zura zare, ya gane inda ɗinki ya karkace ya warware shi, kafin a bar shi ya yanka riga. Haka darasin kwamfuta yake. "Lissafa sassan kwamfuta" tambayar tunawa ce. "Ga shirin da ya ƙi aiki, nemo kuskurensa" tambayar fayyacewa ce. "Tsara shirin da zai haɗa makin ajinku" kuwa ƙirƙira ce.

Wannan ba maganar wasa ba ce. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura tana jiran waɗanda hannunsu ya saba da aiki.

Don haka ina roƙon malamanmu, kowane darasi a gaya mana matakin da ake so mu kai, a kuma raba makin jarrabawa bisa matakan nan. Ranar da babu wuta ma, ana iya bin shiri layi-layi a kan allo. Mu kuma ɗalibai, kada maki mai yawa ya ruɗe mu. Amfanin ilimi aiki da shi. Allah Ya taimake mu, amin.