Kar takardar "i7" ta cinye maka kuɗin albasa

ƴan uwa matasa, duk wanda ya taɓa neman laptop na hannu, ko a nan Ƙonni ko a tsallaken iyaka wajen Illelar Sakkwato, ya san kalmar farko da mai shago zai jefa masa: "Wannan i7 ce, mutumina." Daga nan ciniki ya ƙare. Ni kuwa ina ganin daga nan ya kamata ya fara.

Kuɗin da ake kaiwa shagon ba tsintuwa ba ne. Na wani albasar Galmi ce da mahaifinsa ya kwana yana ban ruwa. Na wata adashen uwarta ne, don ta tafi jami'a Tawa da abin rubutu. In aka sayi gawa, babu na sake saye.

Ga gaskiyar lamarin. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma i3, i5, i7 sunan gida ne kawai. Shekarunta suna cikin lambar da ke biye. A i7-3520M, lambar 3 ta farko na nufin zubi na 3, fitowar 2012. A i5-8250U, lambar 8 na nufin zubi na 8, fitowar 2017. Daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyu na farko ake dubawa. Waccan i7 ɗin cibiyoyin aiki biyu gare ta, wannan i5 ɗin huɗu, kamar leburori biyu da huɗu a kan lodin mota ɗaya.

Ba sai ka yarda da ni ba. Da wayarka, a tsaye gaban mai shago, shiga shafin PassMark ko Geekbench, ka rubuta lambobin biyu. A PassMark makin i5 ɗin ya kusa ninka na i7 ɗin. Shafin Intel ARK kuma zai ba ka shekarar fitowa da yawan wutar da take ja. Amma fa kar ka kwafi lambar daga takardar da aka manna a jiki, manne ba shi da wuya. Kunna na'urar, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka karanta abin da ita kanta ta faɗa.

Sai dai waɗannan shafuka ba su san Ƙonni ba. Ba su san Afrilu da Mayu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙura ta toshe fanka, furosesa ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone. Ba su san yadda muka sha duhu a 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta ba. Ko da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, kowa ya san wuta na zuwa tana tafiya. Don haka duba wat: i7-3520M 35 ce, i5-8250U 15. A wajenmu wannan lambar ta kai maki muhimmanci.

Kuma maki ba shi ne komai ba. Mai rubutu da Word da lissafin Excel ba ya buƙatar abin da mai haɗa bidiyo ke buƙata. RAM giga 8 da ma'ajiyar SSD sun fi yi maka amfani a kan babbar furosesa mai tsohon faifai. A gwada batir kuma, a cire caja a gani.

Akwai dalilin da ya sa nake wannan magana yanzu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin da ta saba bai wa Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. To ina ofisoshin Turai da Amurka za su kai tsofaffin nasu? Kun san amsa. Wanda ya riga ya mallaki irinsu kar ya jefar, Linux na tafiya a kansu lafiya lau. Wanda zai saya yau kuwa, ya biya kuɗin tsohuwa in tsohuwa ce.

Ban ce masu shago ɓarayi ne ba. Da yawansu su ma da takardar aka sayar masu. Roƙona gare su ɗaya ne: a rubuta cikakkiyar lambar furosesa a rasit. Mai gaskiya ba ya asarar komai da haka, sai ma ƙarin masu saye.

Ku kuma da kuka iya, ku raka ƙannenku kasuwa. Wanda ke shirin saye ya ajiye lambar a ƙasa, mu duba tare kafin kuɗi su bar aljihu.