Jan sukari da garin shayi: lissafin giram 100 ba shi ne lissafin kofi ba

Abubuwa biyu sun shigo cikin shayinmu da sunan lafiya. Na farko jan sukari, wanda kantunan Yamai da Maraɗi ke sayarwa da sunan "sucre roux", da tsadar da ta fi ta fari. Na biyu garin shayi na gwangwani ko na ƴar leda, wanda ba ya buƙatar buta da gawayi, ruwan zafi kawai za a zuba a dama. Masu yabon kowanne suna da alƙaluman da suke kafa hujja da su, kuma alƙaluman ba ƙarya ba ne. Ni abin da nake ja da shi shi ne ma'aunin da ake auna su da shi.

Bari mu fara da alƙaluman. A jadawalin abinci na ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na jan sukari yana da kalori 380, kuma kusan giram 97 a ciki sukari ne zalla. Ragowar ruwa ne da ɗan abin da ba a rasa ba: kalsiyom miligiram 83, fotasiyom miligiram 133, sinadarin ƙarfe mai gina jini miligiram 0.7. Farin sukari kuwa kalori 387 ne, kuma kusan babu komai a cikinsa sai zaƙi. Garin shayi wanda ba a sa masa sukari ba, giram 100 nasa na da kalori wajen 315, da furotin giram 20, da fotasiyom miligiram 6,000 da ɗoriya. Wanda ya kalli wannan zai ce ai garin shayi abinci ne sosai, har ya kusa kamo wake a furotin, ya kuma ninka ayaba sau goma sha wani abu a fotasiyom.

To amma wa ke shan giram 100 na garin shayi? Ƙaramin cokali ɗaya da ake damawa a kofi bai kai giram ɗaya ba, wajen giram 0.7 ne. A ciki akwai kalori 2, fotasiyom miligiram 40, furotin kuwa bai isa a ambata ba. Kuma gara da haka, domin a cikin giram 100 ɗin nan akwai kafeyin, wato sinadarin da ke cikin goro da kofi mai hana barci, fiye da miligiram 5,000. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 400 a yini shi ne abin da babba mai lafiya zai sha ba tare da damuwa ba, mai juna biyu kuma 200. Wanda duk ya ce zai nemi furotin daga garin shayi, asibiti zai riga kaiwa kafin ya samu. Dalilin yawan alƙaluman a fili yake: ganyen shayi ake jiƙawa a masana'anta, a tace, a ƙone ruwan har ya zama gari. Abin da ke cikin kofi fiye da ɗari ne aka tara wuri guda.

Sukari shi ne akasin haka, shi ana shan sa da yawa. Mai shayin bakin tasha idan ya ce "sukari nawa?" ba ya tsammanin ka ce ɗaya. Ƙaramin cokali uku ya kai giram 12 zuwa 14, wato kalori wajen 50. Idan ja ne, kalsiyom ɗin da ka samu miligiram 10 ne, alhali babba na buƙatar wajen 1,000 a yini. Ƙarfen bai kai miligiram 0.1 ba. Macen da ke cikin shekarun haihuwa tana buƙatar kimanin miligiram 18 a rana. In da jan sukari za ta cike shi, sai ta lashe kilo biyu da rabi kullum. Wannan shi ne iyakar fifikon da ake biyan ƙarin kuɗi a kansa.

Jan sukarin kanti ma sau da yawa farin ne aka mayar masa da ɗan baƙin ruwan rake mai kauri da aka tace daga gare shi tun farko. Launin da ƙamshin daga nan suke. Mu kuma muna da namu tun kafin wannan, mazarƙwaila, wadda ake matse rake a dafa ruwan har ya daskare ba tare da an cire komai ba. Ta fi sukarin kanti ma'adanai, kuma ni na fi son ɗanɗanonta a kunu, ba na ɓoyewa. Zan kuma yi murna in raken Matamaye da na Magarya ya samu masu sarrafa shi a gida maimakon kuɗinmu su riƙa tafiya waje. Sai dai ita ma mafi yawanta sukari ce, kuma jini ba ya duba launi.

A nan ne abin ya wuce gardamar fada ya zama batun rai. Akwai masu ciwon sukari da likita ya hana su fari, suka koma ja ko mazarƙwaila da zuciya ɗaya, har suna ƙara cokali tunda "wannan na lafiya ne". Sinadarin da ke cikin fari shi ne ke cikin ja, hanji kuma hanya ɗaya yake narkar da su ya tura cikin jini. Dattijon da ɗansa ya sayo masa jan sukari daga Yamai don ƙauna, bai san cewa awon jininsa zai hau kamar yadda yake hawa da ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a shawarar da ta fitar a 2015 ba ta raba fari da ja ba, har zuma ta sa a ciki. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, in an iya saukowa zuwa giram 25 ya fi. Mu ƙaddara kowane finjali a fada na ɗauke da ƙwayar sukari ɗaya mai giram 5. Na farko, na biyu, na uku, da rana da kuma bayan isha'i, giram 30 ke nan, ba a lissafa kokon safe da lemun kwalba ba.

Garin shayin ma akwai wayo a cikinsa. Alƙaluman da na kawo na wanda ba a haɗa da komai ba ne, shi kuwa ba shi ya fi yawa a kasuwa ba. Wanda aka fi gani shi ne mai lemo ko mai madara da aka riga aka haɗa. A mai lemon, abin da ke cikin gwangwanin fiye da kashi 90 cikin 100 sukari ne, shayin ɗan barbaɗe ne. Ke nan mai kwatanta irin wannan garin da jan sukari, sukari yake kwatantawa da sukari. Gane shi ba wuya: ƙa'idar rubutun kwali ita ce a jera kayan haɗi daga wanda ya fi nauyi zuwa ƙarami. In kalmar farko a bayan ledar "sucre" ce, ka san abin da ka saya. Mai madarar kuma sau da yawa ba madara ba ce, kitsen man ja ne da ruwan sitaci aka busar suka yi fari.

Akwai kuma abin da jadawali ba ya nunawa sam. Shayi, na ganye ko na gari, yana ɗauke da sinadarai masu bauri da ke kama ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye su hana hanji tsotse shi. A wata ƙasa wannan ƙaramar magana ce. A Nijar kuwa, babban binciken lafiyar jama'a na 2012 ya samu ƙarancin jini a jikin kashi 73 cikin 100 na yara ƴan wata 6 zuwa 59, da kashi 46 na mata. Abincinmu gero ne da dawa da wake, nama sai jefi-jefi, kuma irin ƙarfen da ke cikin tsirrai shi ne shayi ya fi tarewa. Al'adarmu kuma da an sauke kwano sai a ɗora buta. Ga mai ciki ko mai shayarwa, ƙarfen da kofin shayi ya hana ta samu daga waken da ta ci ya fi wanda jan sukarin cikin kofin zai ba ta nesa ba kusa ba. Jinkirin awa ɗaya tsakanin abinci da shayi yana rage wannan asarar, matsa lemun tsami ko yanka tumatir a kan abincin kuma yana taimaka wa hanji ya ɗauka.

Ba ina kira a rufe fada ba ne. Zaman shayi a Damagaram da Tawa ya ɗinke zumunci, ya kashe rigingimu da yawa, kuma shayin da ba a cika masa sukari ba abin sha ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne gidajen da shayi ya kori koko da ƙosai daga karin kumallon yara. Yaro ya sha ruwan zafi mai launi da cokali uku na sukari da gutsuren burodi ya tafi lakwal, uwa kuma hankalinta a kwance don an ce mata garin na da sinadarai, sukarin kuma ja ne. Kuɗin da aka ƙara a kan jan sukarin da an sayi ƙwai ɗaya da su, yaron zai samu furotin giram 6, ƙosai kuma zai riƙe masa ciki har a tashi tara.