Kabon Ba Laya Ba Ne, Ku Daina Ruɗin Yara

Jiya na ga wani ɗan uwa a nan yana yi wa wani yaro dariya wai kekensa na alminiyam ne, "keken kai niƙa". Abin ya tsaya mini a rai, don ni ma irin wannan surutun ne ya kai ni na zuba kuɗina a keken tsere na kabon mai araha.

Bari in faɗi gaskiya tukuna. A shimfiɗaɗɗen titi keken yana da daɗi. Ba nauyi, kana taka feda yana amsawa, hawan tudu ma ba laifi. Amma ranar da na sako shi a gangara, gudu ya kai wajen kilomita 55 a awa, sai kan keken ya fara rawa kamar mazari. Wallahi sai da na matse firam da gwiwoyina, ina jan birki a hankali, kafin ya natsu. Da muka kwance shi wajen mai gyara, ashe mazaunin boris ɗin wuyan bai zauna daidai ba tun daga masana'anta. Mai sayarwa ko a jikinsa.

Jama'a, kalmar kabon ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Zare ne ake shimfiɗawa hawa-hawa, a haɗa da danƙo, a gasa a cikin mazubi. Yadda aka jera zaren, da binciken da aka yi wa firam ɗin kafin ya fito, su ke raba mai kyau da na banza. Galibin firam ɗin kabon na duniya, har na manyan kamfanoni, a Taiwan da China ake yin su. Don haka ba ƙasar nake zargi ba, rashin bincike nake zargi.

Za ku ce ai ya fi sauƙin nauyi. Nawa ne bambancin? Tsakanin kabon mai araha da alminiyam mai kyau, sau da yawa bai kai nauyin gorar ruwan da ke maƙale a kekenka ba. Su kansu ƴan Tour de France, dokar UCI ta hana kekensu ya gaza kilo 6.8. Kai da ke yawo da tumbi, giram 300 ne matsalarka?

Za ku ce yana shanye gargada. Na yarda, kaɗan. Amma ni abin da ya gyara mini tafiya shi ne cire taya mai faɗin milimita 23 na sa mai 28, na kuma rage iska. Nan take ciwon hannu ya ragu, kwana ta fi kamuwa. Taya ce ke taɓa ƙasa, malam.

Sannan ku duba inda aka rage kuɗin. Don a saka maka firam ɗin kabon a wannan farashin, sai a haɗa ka da rim mai nauyi, taya mai tauri da birki mai sanyi. Da wannan kuɗin za ka iya samun alminiyam mai Shimano 105 ko Tiagra.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gwanjo. Alminiyam idan ya bugu yakan lotsa, ka gani da idonka. Kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki, fenti na ƙyalli a waje. Notin sirdi da na kan keke ma akwai iyakar ɗaurinsa, yawanci Nm 5 ko 6, a rubuce a jiki. Masu gyara nawa ne a unguwarku ke da abin auna wannan? Ɗauri ɗaya na ƙarfin tuwo ya isa ya fasa shi.

Ban ce kabon mai araha duk shara ba ne. Idan kamfanin sananne ne, da garanti, girmansa daidai kai, saya. Amma hau shi tukuna, ka gwada gangara da kwana, kada ka tsaya ga ɗaga shi da yatsa biyu a shago.

Shi kuma yaron nan, ƙanina, riƙe kekenka. Sa masa taya mai kyau ka fito ranar Asabar, mu ga masu dariyar a kan tudu.