Siri Lanka ta hukunta masu cin bashi, saura Gana

'Yan'uwa na Nima, Maamobi da sauran Zango, da fatakenmu na Aflao, Paga da Bawku.

A 2022 ƙasashe biyu suka daina biyan bashin waje: tsibirin Siri Lanka a watan Afrilu, Gana a watan Disamba. Dukansu suka kai ƙoƙon bara wajen Asusun Lamuni na Duniya, IMF, aka yi ta zama, a 2023 kowacce ta samu rancen dala biliyan 3 ko kusa da haka.

A Siri Lanka wanda ya ja bala'in bai sha ba. Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya gudu daga ƙasar a Yulin 2022. A Oktoba majalisa ta gyara tsarin mulki, ta rage ikon shugaban ƙasa. A Satumban 2024 jama'a suka miƙa mulki ga ɗan adawa.

Mu fa? Gwamnatin NPP ta ce ba za ta je IMF ba, sai ga ta can a Yulin 2022. Hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disambar shekarar. Tsofaffin da suka ba gwamnati rancen guminsu suka koma zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi. Dalar da aka saya sidi 4 da ɗan abu a 2016 ta wuce sidi 15 a 2024. Mai saro kaya daga Lome ya san zafinta. Aka rufe iyakoki shekara 2, daga Maris 2020, aka kuma ɗora mana E-Levy a kan momo. Duk da haka ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya zauna daram har Fabrairun 2024, don tsarin mulkin 1992 ya tara iko a hannun mutum ɗaya.

A 2024 Dakta Bawumia, wanda ya jagoranci kwamitin tattalin arzikin waccan gwamnati, ya nemi ƙuri'armu da sunan ɗan'uwa Musulmi. Muna girmama addininsa. Amma Musulunci ya ce amana a hannun shugaba abin tambaya ce, mu kuma tambaya muke yi.

John Mahama ya yi alkawarin soke E-Levy, da rage ministoci zuwa 60, da gyaran tsarin mulki. Ku riƙe wannan takarda, ku tuhume shi da ita in ya saɓa.